Basil na Kaisariya: Bishop ɗin da ya sa attajirai buɗe rumbunansu a shekarar yunwa

Basil na Kaisariya, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da Basile de Césarée ko Basile le Grand, malamin addinin Kirista ne da ya rayu a ƙarni na 4 a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Bai kai shekara 50 a duniya ba, kuma bai cika shekara 9 yana bishop ba. Duk da haka, idan malaman Kirista suka zo maganar dukiya da haƙƙin matalauci a cikinta, da wuya su tsallake sunansa. Ya koyar da cewa duk abin da ya wuce buƙatar mutum amana ce a hannunsa, kuma masu amanar su ne mabukata. Ya fara gwada wannan koyarwa a kan gadonsa, sannan ya gina mata gidajen baƙi da asibiti domin ta ci gaba da aiki bayan ransa.

Ɗan babban gida

An haifi Basil wajen shekara ta 330, a wani babban gida mai tushe a lardunan Kafadokiya da Fontus, waɗanda a lokacin suna ƙarƙashin Daular Rum. Mahaifinsa, shi ma Basil, lauya ne kuma malamin fasahar magana. Sunan mahaifiyarsa Emeliya. Gonakin gidan sun bazu har larduna uku, ta yadda gwamnoni uku ne ke karɓar harajinsu.

Amma gidan ya taɓa ɗanɗana rashi. A farkon ƙarnin, lokacin da hukuma ke tsananta wa Kiristoci, an ƙwace dukiyar kakarsa ta wajen uba, Makrina Babba, ita da mijinta suka gudu cikin dazukan duwatsun Fontus, suka yi kimanin shekara 7 a ɓoye. Wannan kaka ce ta yi renon Basil yana ƙarami. Ya tashi ke nan yana jin labarin yadda arziki ke tafiya dare ɗaya daga bakin wadda abin ya faru a kanta.

'Yan'uwansa ma sun yi suna. Ƙannensa biyu sun zama bishop: Giregori a garin Nisa, Bitrus kuma a Sebaste. Wani ƙanen nasa, Naukratiyus, ya bar aikin gari ya koma daji, yana ciyar da wasu tsofaffi marasa galihu da abin da ya farauto ko ya kamo a kogi, har ya rasu yana saurayi. Babbar yayarsu kuwa, Makrina, ita ce ta fi kowa tasiri a kansu.

Karatu da juyin zuciya

Basil ya yi karatu a Kaisariya, babban birnin Kafadokiya, wanda a yau ake kira Kayseri. Daga nan ya wuce Kustantiniya, wato Istanbul ta yanzu, sannan Atina ta ƙasar Girka, inda ya shafe shekaru yana koyon fasahar magana da falsafa. Saboda yawan laulayin da yake fama da shi, ya kuma leƙa ilimin likitanci. A Atina ne abotarsa ta yi ƙarfi da wani ɗan Kafadokiya ɗan'uwansa, Giregori na Naziyanzus, wanda daga baya ya rubuta da yawa daga cikin abin da aka sani game da rayuwarsa.

Wajen shekara ta 356 ya dawo gida ya fara koyarwa. Ƙanensa Giregori na Nisa ya ba da labarin cewa ya dawo da girman kai, yana raina manyan gari saboda iliminsa, kuma Makrina ce ta sauke masa wannan kai. Ita a lokacin ta riga ta soma mayar da gidan gonarsu na Annisa, a bakin kogin Iris, ya zama wurin ibada. Ta shawo kan mahaifiyarsu suka daina zaman uwargida da bayi, kuyangin gidan suka zama 'yan'uwa, ana cin abinci ɗaya ana kwana iri ɗaya.

Basil ya karɓi baftisma, ya ajiye koyarwa, ya kama hanya zuwa Masar da Falasɗinu da Siriya da Mesofotamiya domin ya ga yadda masu zuhudu ke rayuwa. Ya yaba da haƙurinsu da juriyarsu, amma bai gamsu da zaman kaɗaici ba. A ganinsa, wanda ya keɓe kansa shi kaɗai a cikin kogo ba shi da wanda zai ciyar, ba shi da wanda zai yi wa jinya, ba shi da wanda zai wanke wa ƙafa kamar yadda Almasihu ya yi wa almajiransa. Ta ina zai cika umarnin ƙaunar maƙwabci? Don haka da ya dawo ya kafa nasa zaman zuhudu kusa da Annisa, sai ya tsara shi a kan zaman tare: a yi addu'a tare, kowa ya yi aikin hannu, abin da aka samu a taimaki mabukata da shi. Dokokin da ya rubuta wa waɗannan jama'a har yau su ne ginshiƙin zuhudu a majami'un gabas.

Shekarar fari

Bayan wasu shekaru, Yusibiyus, bishop na Kaisariya, ya naɗa shi firist, wato limamin coci. Yana kan wannan aiki ne fari ya auka wa Kafadokiya wajen shekara ta 369. Lokacin sanyi ya wuce ba ruwa ba dusar ƙanƙara, rafuka suka ƙafe, shuka ta bushe a gona.

Yanayin wurin ya ƙara wa abin muni. Kaisariya tana kan tudu ne a tsakiyar ƙasa, a gindin wani babban dutse da yanzu ake kira Erciyes, nesa da teku. Biranen bakin teku kan sayo alkama ta jirgin ruwa idan gonakinsu suka gaza, amma ɗauko hatsi a kan dabbobi zuwa Kaisariya yana da tsadar da talaka ba zai iya ba. Abincin da zai ceci garin shi ne wanda ke cikin garin. Kuma akwai shi, a rumbunan manyan masu gonaki da 'yan kasuwa, waɗanda suka rufe suna jira farashi ya ƙara hawa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Basil ya tunkari matsalar ta hanya biyu. Da farko ya sayar da abin da ya rage na gadonsa ya sayi abinci. Ya tara waɗanda yunwa ta galabaita, maza da mata, jarirai da tsofaffi, ya sa aka ɗora manyan tukwane na miyar wake da nama mai gishiri. Shi da kansa ya ɗaura zane a ƙugu yana rarraba musu tare da ma'aikatansa. Giregori na Nisa ya ce bai ware kowa ba saboda addini, har 'ya'yan Yahudawan garin sun ci daga wannan abinci. A can Annisa ma, Makrina ta riƙa tsinto yaran da aka yasar a bakin hanya tana renonsu, Bitrus kuma yana ciyar da masu zuwa neman taimako.

Hanya ta biyu ita ce wa'azi. Dukiyar mutum ɗaya ba ta ciyar da birni, saboda haka ya juya kan masu rumbuna, yana faɗa musu gaskiya ido da ido a cikin majami'a. Abokinsa Giregori ya shaida cewa da maganarsa ce ya sa suka buɗe ɗakunan ajiyarsu.

Abin da ya koyar game da dukiya

Wa'azozin da ya yi kan wannan batu sun iso zamaninmu a rubuce. Ɗaya ya gina shi ne a kan misalin da ke cikin Bishara ta Luka sura ta 12, na attajirin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, aka karɓi ransa a daren. Wani kuma a kan saurayi mai dukiya na Bishara ta Matiyu sura ta 19, wanda Yesu ya ce ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, ya juya yana baƙin ciki. Na uku ya yi shi ne kai tsaye a kan fari da yunwa.

Basil bai ɗauki dukiya kanta a matsayin abin ƙyama ba. Tambayar da ya riƙa yi ita ce ta wane ne. Mutum tsirara ya zo duniya, haka kuma zai koma, don haka abin da ke hannunsa Allah ne ya ba shi riƙo, matsayinsa na ma'aji ne. Ya kwatanta mai handama da mutumin da ya riga kowa shiga dandalin kallo, ya zauna, sannan ya tare ƙofa yana cewa wurin nasa ne shi kaɗai, alhali an gina shi domin kowa. A lissafinsa, da kowa zai ɗauki abin da ya ishe shi ya bar saura ga mai buƙata, da ba a sami wanda ya yi fice da arziki ba, ba a kuma sami wanda ya rasa ba.

Daga nan ya kai ga hukuncin da ya fi kowanne zafi. Kowa ya yarda cewa wanda ya tuɓe wa mutum riga ɓarawo ne. Basil ya ce wanda ya ga marar riga, yana da halin tufatar da shi ya ƙi, shi ma sunan da ya dace da shi ke nan. Abincin da ke ajiye yana lalacewa, da tufafin da ke jibge a akwati, da kuɗin da aka binne a ƙasa, duk suna da masu su a waje suna jira. A wannan fahimta, mai bayarwa yana mayar da haƙƙi ne ga mai shi, ba shi da dalilin gori.

Ya san uzurorin da masu dukiya ke kawowa, ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai cewa yana tara wa 'ya'yansa ne, ya tuna masa cewa ransa ya fi kowane ɗa kusanci da shi, sai ya ware wa ran nan rabon ɗan fari ta hanyar sadaka. Mai cewa zai bar wasiyya a raba wa matalauta bayan mutuwarsa, ya ce masa ai mutuwa ce ta cancanci godiya, domin da ta ƙyale shi da bai saki ko anini ba. Ya kuma yi misali da rijiya: wadda ake ɗiba kullum ruwanta ya fi daɗi da yawa, wadda aka rufe kuwa wari take yi.

Domin masu sauraro su ga abin da rufe rumbu ke jawowa, ya zana musu hoton wani uba da yunwa ta kai shi ga sayar da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Yana duban babban, ya tuna shi ne na fari. Ya dubi ƙaramin, tausayi ya kama shi. Wannan kamarsa ɗaya da mahaifiyarsa, wancan kuma mai ƙwaƙwalwar karatu ne. Bayan duk wannan azaba ya zo kasuwa, mai hatsi kuma ya tsaya yana ciniki da shi domin ya rage kuɗin yaron.

Bai sauke wa talakawa nauyin ba su ma. Ya ce ko wanda burodi ɗaya ya rage masa, idan wani ya zo ƙofarsa da yunwa, ya raba da shi ya dogara ga Allah.

A wani wa'azin da ya yi kan Zabura, ya yaƙi bashi da ruwa. Ya lura cewa a harshen Girka kalmar da ake kiran kuɗin ruwa da ita tana nufin haihuwa, domin bashin yana haifar 'ya'ya, 'ya'yan su ma su haihu, har su cinye gidan mai bashin. Ya shawarci matalauci ya sayar da abin da yake da shi, ko ya yi ƙwadago, ko ma ya roƙa, da ya ci irin wannan bashi. Mai kuɗi kuma ya ba da rance ba tare da ɗora ko kwabo ba.

Sabon gari a bayan gari

Da Yusibiyus ya rasu a shekara ta 370, aka zaɓi Basil ya gaje shi, duk da adawar wasu bishop-bishop na lardin. Yunwa ta nuna masa cewa tukunyar da ake ɗorawa ranar masifa ba ta isa ba, ana buƙatar wuri tsayayye mai ma'aikata da hanyar samun kuɗi. Ya taɓa ganin irin haka a wurin malaminsa Yustatiyus, wanda ke da gidan matalauta a Sebaste. Basil ya ɗauki wannan tsari ya faɗaɗa shi.

A wani fili da ke bayan Kaisariya ya gina majami'a, da gidan bishop, da gidajen ma'aikatan coci. Kewaye da su ya gina masaukin matafiya, da gidan matalauta, da wurin kwantar da marasa lafiya, ya zuba likitoci da masu jinya, da dabbobin ɗaukar kaya da masu rakiya. Ya kuma buɗe rumfunan sana'o'in da wurin ke buƙata. Girman wurin ya sa Giregori na Naziyanzus ya kira shi sabon birni, mutane kuma suka laƙaba masa suna Basiliyas, daga sunan wanda ya gina shi. Masana tarihin likitanci da dama suna lissafa shi cikin asibitocin farko da aka buɗe domin jama'a.

Waɗanda suka fi kowa cin moriyar wurin su ne kutare. A zamanin ana korarsu daga gidajensu da kasuwa da taron jama'a, har da wuraren ɗibar ruwa. Basil ya ba su matsuguni, yana gaishe su da sumba kamar 'yan'uwa, yana kuma sa hannu a jinyar gyambunansu domin ma'aikata su daina ƙyama.

Aikin bai rasa 'yan hassada ba. Wasu sun kai ƙararsa wurin gwamnan lardin, Iliya, cewa yana shiga hurumin hukuma. A wasiƙar da ya mayar, ya lissafa gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gwamnan wa aka cuta da su, ya kuma nuna masa cewa wurin da a da kufai ne yanzu ya zama abin alfaharin lardin.

Fiye da wasiƙu 300 nasa sun tsira, kuma suna nuna mutum mai bin diddigin aiki. A cikinsu akwai waɗanda ya rubuta wa jami'an haraji yana roƙon a yafe wa gidajen matalauta na ƙauyuka haraji. Akwai wadda ya nemi a sassauta wa masu haƙar tama na duwatsun Taurus abin da ake karɓa daga gare su. Ya kuma yi gargaɗi cewa rabon sadaka yana buƙatar gwaninta, domin a bambance mai buƙata na gaskiya da wanda ya mayar da roƙo sana'a, shi ya sa ya fi son a danƙa ta ga amintattun da suka san mutanen.

Gaban wakilin sarki

A wannan zamani Kiristoci suna cikin babban saɓani kan matsayin Almasihu, tun bayan taron Nikiya na shekara ta 325. Sarkin gabashin daular, Balens, yana goyon bayan ɓangaren da bai yarda da matsayar Nikiya ba, yana kuma tuɓe bishop-bishop da suka ƙi bin sa. Basil yana cikin masu riƙe da matsayar Nikiya.

Sarki ya aiko babban wakilinsa, Modestus, ya tsoratar da shi da abu huɗu: ƙwace dukiya, kora daga ƙasa, azaba da kisa. Bisa labarin Giregori, Basil ya nuna masa cewa babu ko ɗaya da zai kama shi. Ba shi da abin ƙwacewa sai tsofaffin tufafi da 'yan littattafai. Duk inda aka kore shi ƙasar Allah ce. Jikinsa ya riga ya raunana, bugun farko zai gama da shi, mutuwa kuwa za ta gaggauta kai shi wurin Ubangijinsa ne. Modestus ya yi mamaki, ya ce ba a taɓa yi masa magana haka ba, Basil ya ce wataƙila bai taɓa haɗuwa da bishop ba ne.

A nan aka ga wani amfanin koyarwarsa da ya wuce ciyar da mayunwata: wanda ya riga ya rabar da abin hannunsa, mai mulki ba shi da igiyar da zai ja shi da ita. A watan Janairu na shekara ta 372 Balens da kansa ya halarci sujada a majami'ar Basil. Bai tuɓe shi ba, kuma marubucin tarihin coci Tiyodoret ya ce har filaye ya bayar domin matalautan da Basil ke kula da su.

Inda ya gaza

Basil mutum ne mai kafiya da son a bi tsarinsa, kuma wannan hali ya ɓata masa zumunci. Da sarki ya raba Kafadokiya gida biyu, bishop na garin Tiyana ya nemi rabin ikonsa. Domin ya ƙara yawan magoya bayansa, Basil ya naɗa amininsa Giregori bishop na Sasima, wani ɗan ƙauye mai ƙura a mararrabar hanya. Giregori ya ji an yi amfani da shi, bai taɓa kama aikin ba, kuma ciwon abin bai bar zuciyarsa ba har bayan mutuwar Basil. Ya kuma raba gari da malaminsa Yustatiyus kan saɓanin aƙida.

A batun bauta ma bai yi nisan da ƙanensa ya yi ba. Dokokinsa sun ce bawan da ya gudo wurin masu zuhudu a yi masa nasiha a mayar da shi ga ubangidansa, sai fa idan ana tilasta masa aikata saɓo. Giregori na Nisa ne ya fito fili ya ce babu ɗan Adam da ke da ikon mallakar ɗan'uwansa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ciwo da tsananin zuhudu sun cinye jikinsa da wuri. Riga ɗaya da mayafi ɗaya gare shi, a ƙasa yake kwana, abincinsa burodi da gishiri da ruwa. Bisa lissafin coci, ya rasu ranar 1 ga Janairu, 379. Kiristoci da Yahudawa da masu bin addinin gargajiya duk sun fito jana'izarsa, cunkoson ya kai har wasu suka rasa rayukansu. Shekara 2 bayan haka, taron Kustantiniya na 381 ya tabbatar da aƙidar da ya kare. A ƙarni na 5, marubucin tarihi Sozomen ya rubuta cewa gidan matalautan nan yana nan da sunansa, kuma ya shahara.

Koyarwarsa ta ƙetara zuwa yamma tun da wuri. Ambros, bishop na Milan, ya ɗebo daga wa'azozinsa a rubuce-rubucensa kan masu handama. Benedik, uban zuhudun Turai, ya shawarci almajiransa su karanta dokokinsa. A ƙarni na 13, Toma Akwinas ya kafa hujja da shi a bahasinsa kan mallaka da sadaka. A Afirka, Kibɗawan Masar da na Sudan suna amfani da tsarin sujada mai ɗauke da sunansa a mafi yawan ranakun shekara.

Majami'un Otodoks suna tunawa da shi ranar 1 ga Janairu, 'yan Katolika kuma ranar 2 ga wata, tare da abokinsa Giregori. A ƙasar Girka, shi ne al'ada ta ce yana kawo wa yara kyauta a sabuwar shekara. A ranar ana gasa wani burodi mai zaƙi da ake kira basilofita, a ɓoye tsabar kuɗi a ciki, maigida ya yanka wa kowa nasa. A gidaje da yawa, kafin a miƙa wa 'yan gida, sai an ware yanki ɗaya da sunan matalauci.